Daga Ajame Zuwa Tireshbil Da Gwangwanin Alƙaluman Baba

Tafiyar da za mu ba ku labarinta a wannan wata ba mai nisa ba ce, domin ko Abijan ba mu fita ba, kuma kuɗin motar da muka kashe bai taka kara ya karya ba. Amma mun dawo gida da abin da muka ga ya kamata mu sanar da 'yan'uwa, musamman waɗanda iyayensu suka rasu suka bar musu akwati a ƙuryar ɗaki.

Ga yadda abin ya faro. Bayan ruwan watan Yuni ya ɗan lafa, sai muka ce bari mu buɗe akwatin marigayi mahaifinmu mu shanya kayan ciki. Shi dai Baba ya zo ƙasar nan daga Maraɗi yana saurayi, ya yi fataucin goro tsakanin Anyama da Arewa har ƙarfinsa ya ƙare. Shekara 11 ke nan da rasuwarsa, kuma a tsawon wannan lokaci ba mu buɗe akwatin ba sai sau biyu. Muna ɗaga murfi warin funfuna ya buge mu. A ciki akwai littattafan lissafinsa da ya rubuta da ajami, da Alƙur'ani rubutun hannu da ya sayo a Kano, yana cikin tadarishinsa da gafakarsa, sa'an nan ga wani gwangwanin alewa ƙulle cikin leda. Da muka buɗe gwangwanin sai muka tarar da bakunan alƙalami na ƙarfe guda 31, irin waɗanda 'yan lakwal na da ke kira plume, da ƙotocinsu na itace guda huɗu, da 'yan alƙaluman kara. Tsatsa ta yi musu ja wur, wasu har sun manne da juna. Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne Alƙur'anin, domin danshi ya shiga ta gefe ɗaya ya lalata warƙa uku, rubutun ya dusashe, takardar tana marmashewa a hannu.

Washegari muka ɗauki gafakar da gwangwanin muka fita neman wanda zai sake rubuta mana warƙoƙin nan uku. Mu uku muka tafi, mu da ƙanenmu da ɗansa mai shekara 12, wanda aka haifa a Abobo, kuma Faransanci da Julanci sun fi Hausa zama a bakinsa.

Ajame, inda komai yake

Duk wanda ya rasa abu a Abijan, Ajame ake ce masa ya je. An ce a harshen Ebiriye, masu asalin wurin, ma'anar sunan ita ce mahaɗa, kuma wanda ya tsaya minti biyar a bakin babban titin Nangui Abrogoua ba zai yi musu ba. Ga 'yan kamashon gbaka suna kiran Yopugon da Abobo, ga masu tura amalanke suna ta a ba su hanya, ga mata da tiren kaya a ka, ga 'yan'uwanmu masu garba suna soya kifi hayaƙi na tashi. Yawancin iyayenmu ta nan suka shigo garin. Wasu sun zo a motocin goro da na shanu, wasu a jirgin ƙasa, watau hanyar dogon nan da Faransawa suka fara shimfiɗawa a 1904 suka sa mata suna Abijan zuwa Nijar. Ta isa Bwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954, amma har aka sami mulkin kai ba ta taka ƙasar Nijar ba.

Muka nufi wajen babban masallacin Ajame, inda masu sayar da carbi da turare da darduma da littattafan addini suke jere. Alƙur'ani bugun Madina da na Bairut da na Masar sai wanda ka zaɓa. Alluna ma akwai, manya da ƙanana. A rumfa ta huɗu muka sami wani Alhaji mutumin wajen Tawa, wanda a ƙarƙashin teburinsa akwai damin kara siriri ɗaure da tsumma. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen gida, muka tambayi kasuwa, sai muka nuna masa gwangwanin. Ya zuba bakunan a tafin hannunsa, ya girgiza kai, ya ce, "Kai, samari, kun bar Abijan ta cinye muku gadon uba." Ya ce rabon da wani ya tambaye shi irin wannan baki na ƙarfe ya manta. In dai sabo muke so, sai mu gwada manyan kantunan kayan rubutu da na masu zane a Filato, ko mu yi sa'a a wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa.

Karan kuwa ya ce na gamba ne, daga gida ake kawo masa, direbobin motocin albasa da ke biyowa ta Burkina su ne ke ɗoro masa dami ɗaya ko biyu a kan buhuna. Sai an bari ciyawar ta bushe sarai bayan kaka sa'an nan a yanke ta, domin wanda aka yanka da ɗanyensa ba ya riƙe fiƙa. Da muka tambaye shi ko nan kurmi ba a samun kara, sai ya yi dariya ya ce akwai gora da iri-irin ciyayi, kuma malaman Jula suna aiki da su, amma hannun da ya saba da gamba ba ya jin daɗin wani abu. Muka sayi 'yan sanduna goma da ƙullin ƙaro.

Game da warƙoƙin kuwa, Alhaji ya ce a Ajame akwai masu rubutun allo da yawa, amma rubuta Alƙur'ani a takarda da hannun Kano, a sa masa wasali da ja, wannan sai mu haye Tireshbil. Ya kwatanta mana gidan wani tsohon Alaramma, ya ce mu gaya masa mai carbi na bakin masallaci yana gaishe shi.

Kafin mu bar unguwar mun ɗan tsaya wurin masu tsofaffin littattafai. Wani dattijo daga cikinsu, wanda ba Bahaushe ba ne, da ya ga abin da ke hannunmu sai fuskarsa ta washe. Ya ɗauki baki ɗaya ya kankare tsatsar da farce, ya nuna mana rubutun da ke jikinsa: Sergent-Major. Ya ce da irinsa ya koyi rubutu, a zamanin da kowane teburin lakwal yake da rami inda ake sa 'yar kwalbar tawada mai ruwan shuni, kuma yaron da ya ɗiga tawada a kaye sai ya sha rula a yatsu. Waɗannan bakuna a garin Boulogne-sur-Mer da ke arewacin Faransa aka riƙa ƙera su, inda aka kafa masana'antar Blanzy-Poure a 1846, bayan maƙeran Birmingham ta Ingila sun riga sun gano hanyar buga su dubu-dubai da inji. Abin da ya kashe musu kasuwa shi ne bik. An fara sayar da Bic Cristal a 1950, kuma a 1965 hukumar ilimi ta Faransa ta yarda yara su yi rubutu da shi a aji. Daga nan ƙasashen da ke bin tsarin karatunta suka bi sahu.

Hayewa gada

Muka shiga bas ɗin SOTRA muka ratsa Filato, muka hau gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957, motoci a sama jirgin ƙasa a ƙasa. Daga kan gadar mutum yana ganin ruwan lagun hagu da dama, da manyan jiragen ruwa can wajen tashar jirage. A nan ne ƙanenmu ya ce, "Yaya, ga ɓarawon da ya shiga akwatin Baba." Gaskiyarsa kuwa. Tun da aka haƙa mashigin Biridi a 1950 aka haɗa lagun da teku, ruwan gishiri yake shigowa har tsakiyar gari. Ruwan saman da ke zuba a Abijan a shekara yakan kai wajen milimita 1,800, alhali na Maraɗi bai fi wajen 500 ba. Danshin iska kuma a yawancin watanni yana haura kashi 80 cikin 100. A gida mutum zai iya jefa allura a taga ya dawo bayan shekara ya same ta tana ƙyalli. A nan kuwa ko makullin ƙofa aka bari bai sha mai ba, damina ɗaya ta ishe shi.

Tireshbil ta bambanta da Ajame kamar yadda layin soja ya bambanta da taron biki. Titunanta a miƙe suke, sun gitta juna, kowanne da lambarsa, ta yadda baƙo ma ba ya ɓata in ya iya ƙirga. Da can ƙauyen Anumabo ne a wurin. A 1934, lokacin da Abijan ta karɓi matsayin babban birnin mulkin mallaka daga Banjarbil, aka sa wa unguwar sunan Marcel Treich-Laplène, Bafaranshen da ya ƙulla yarjejeniyoyi da sarakuna har Bonduku, ya mutu a Garan-Basam a 1890. A wancan zamani Filato ta Turawa ce, Ajame da Tireshbil kuwa na baƙar fata, shi ya sa duk wata ƙabila ta Afirka ta Yamma take da tsohon gida a nan. Mun wuce ta gaban babbar kasuwa, wadda gobara ta cinye a 1997 aka sake gina ta, muka bi ta Rue 12 inda kantunan yadi suke, muka yi sallar Azahar a masallacin Avenue 8, sa'an nan muka shiga neman gidan da aka kwatanta mana.

Gidan haya ne irin na da, tsakar gida ɗaya ɗakuna kewaye, famfo ɗaya a tsakiya. Alaramma yana zaune a kan buzu a bakin ƙofarsa, tsoho ne siriri mai farin gemu, da tabarau ɗaure da zare. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka isar da gaisuwar mai carbi. Ya sa aka kawo mana ruwa. Sai da ya tambayi garinmu da sunan unguwar kakanninmu a Maraɗi, ya yi wa Baba addu'a, kana ya ce, "To, 'ya'yana, me ke tafe da ku?"

Abin da Alaramma ya nuna mana

Ya yi alwala kafin ya karɓi gafakar. Ya zare tadarishin a hankali, ya riƙa ɗaga warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce hannun Kano ne, ruwayar Warshu, kuma mai rubutun gwani ne, domin layukansa ba su hau juna ba. Ya nuna wa yaronmu yadda baƙaƙen suke da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon ruwan ɗorawa. Ya nuna masa kuma kalma ɗaya da ake rubutawa ita kaɗai a can ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Ya ce saboda ba a ɗinke irin wannan Alƙur'ani, wannan kalma ita ce ke hana warƙoƙi rikicewa, kuma saboda rashin ɗinkin ne ma aikinmu zai yiwu, domin za a cire uku a mayar da uku. Ya ce wanda ya san kwafin Sharif Bala na unguwar Gabari a Kano, wanda aka riƙa bugawa da inji ana sayarwa a kasuwannin Arewa, zai gane wannan irin hannu nan take.

Muka ce, "Allah gafarta Malam, ga kuma wannan, ko da yake mun san ya riga ya lalace." Muka miƙa masa gwangwanin. Ya shimfiɗa farin ƙyalle ya juye su a kai. Mun zaci zai ce mu zubar, sai muka ga ya gyara zama. Ashe shi ma yana aiki da bakin ƙarfe. Ya ce baƙaƙe da kara yake rubuta su, amma wasali da siraran layukan zayyana ƙarfe ya fi fitar da su, tun da ba ya buɗewa kamar kara.

Ya fara tantance su. Kowane ɗaya sai ya ɗaga shi sama wajen haske ya dubi tsagar da ke tsakiyar bakin, sa'an nan ya danna shi a hankali a kan farcen babban yatsansa. In haƙoran biyu suka buɗe suka koma suka haɗe daidai, sai ya ajiye shi dama. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko tsatsa ta ci kan bakin ko cikin tsagar, sai ya ajiye shi hagu. Ya ce tsatsar da ke gindi, inda baki ke shiga ƙota, ana iya kankare ta, amma wadda ta kama tsini ta gama da shi, domin ko an goge sai ya riƙa yagar takarda yana fesa tawada. Cikin 31, tara suka tsira. Waɗannan ya goge su da 'yar takardar yashi mai laushi ƙwarai, ya bi su da tsumma mai ɗigon man keken ɗinki.

Biyu daga cikin ƙotocin bakunansu sun maƙale a ciki. Ƙanenmu ya ce bari ya nemo filaya. Alaramma ya ce a'a, filaya tana murƙushe ƙarfen ta fasa itacen. Ya ɗiga mai a mahaɗar, ya ajiye su gefe, muka ci gaba da hira. Bayan kamar rabin sa'a ya naɗe bakin da tsumma ya jawo shi a miƙe, ba tare da murɗawa ba, sai ga shi ya fito. Ya leƙa cikin ƙotar ya nuna mana 'yan ƙarafan da ke riƙe baki, su ma sun yi tsatsa. Ya ce wannan alama ce ta cewa a rubutun ƙarshe da aka yi da su an bar baki a jikin ƙota da sauran laima. Muka tuna cewa a watanninsa na ƙarshe Baba hannunsa yana rawa, kuma mu ne muka tattara kayan muka zuba a gwangwani yadda muka same su.

Daga nan ya shiga yi mana bayani dalla-dalla, mu kuwa muka fitar da bik muna rubutawa, yana kallonmu yana murmushi. Ya ce sabon baki yana zuwa da wani siririn mai da masana'anta ke shafa masa don kada ya yi tsatsa a kanti, kuma in ba a cire shi ba tawada ba ta kama shi, sai ta dunƙule ta ɗiga. Ana wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, ko a goga masa man goge haƙori. Yaran lakwal na da miyau suke sa masa. Wasu suna wucewa da shi ta kan harshen ashana, amma shi ba ya so, domin in wutar ta daɗe ko kaɗan tana kashe taurin ƙarfen.

Wajen tsoma shi a kurtu, kada tawada ta wuce 'yar hudar da ke tsakiyar bakin. In ta kai ga ƙota, to ta shiga inda tsumma ba ya kaiwa. Yana ajiye ƙoƙon ruwa da tsumma kusa da gwiwarsa, duk bayan 'yan layuka sai ya ɗauraye bakin ya goge, tun tawadar ba ta bushe a kai ba. In ya tashi daga aiki, ko da sallah ce zai je ya dawo, sai ya goge. In kuwa ya gama na ranar, sai ya zare bakin daga ƙota, ya wanke shi shi kaɗai, ya bi tsagar da tsohon buroshin haƙori, ya tsane shi sarai, ya bar shi a kan ƙyalle ya sha iska kafin ya ajiye. Ƙota kuwa ba a jiƙa ta ko kusa. Itace in ya sha ruwa sai ya kumbura, in ya bushe ya tsage, fentinsa ya ɓare. Goge ta kawai ake yi da tsumma mai ɗan laima.

Ya ce kowace tawada da irin ɓarnarta. Ta allo, wadda ake yi da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, ba ta cin ƙarfe, amma tana toshe tsaga, sai dai ruwa kawai yana wanke ta. Ta takarda, wadda ake dafawa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, ita ce mai kama takarda ta yi shekaru aru-aru, amma tana da tsami, kuma in ta kwana a kan baki sai ta fara cin sa. Ta kanti da ake kira tawadar Sin, wasu irinta akwai wani danƙo a ciki wanda in ya bushe ruwa ba ya narkar da shi, sai an sa alkol na kantin magani. Ya ƙara da cewa a Abijan tawadar ƙaro ba ta daɗewa sai ta yi funfuna ta yi wari, don haka kaɗan-kaɗan yake haɗawa, yana jefa 'ya'yan kanumfari biyu ko uku a kurtun.

Sai maganar ajiya, wadda a nan ne muka yi namu kuskuren. Ya jawo nasa gwangwanin ya buɗe mana. Bakunan suna kwance a jere a cikin takarda, ba su taɓa juna ba. A gefe akwai guntun alli da 'yan ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani. Ya ce wanda bai samu ba ya ƙulla ɗanyar shinkafa a tsumma ya sa, amma ya riƙa canza ta. Bakin da za a daɗe ba a yi aiki da shi ba a shafa masa mai kaɗan, in an tashi aiki a wanke. Kada a sa ƙarfe ya jingina da fatar jima, domin fata tana jan laima kuma abin da aka jeme ta da shi yana cin ƙarfe. Kada a ajiye gwangwani a ƙasa ko a jikin bango. Leda kuma da muka ƙulle namu a ciki, ya ce ita ta ƙarasa su, domin ta kulle danshin a ciki ta hana shi fita. Ya ce a ƙasar nan akwati yana son a buɗe shi ko da sau ɗaya a wata, ranar da aka sami rana.

Karan da muka sayo a Ajame ya ɗauki ɗaya ya fiƙe a gabanmu. Ya yanke shi a karkace da aska, ya rage cikinsa, ya tsaga bakin kaɗan, ya ɗora a kan wani guntun ƙashi ya datse tsinin. Ya ce kara ba ya tsatsa, amma yana da nasa maƙiyan, watau funfuna da ƙwaro. Ba a barin sa tsaye cikin kurtu ya kwana, domin bakin zai yi laushi ya baje. A goge shi, a ajiye shi bakinsa sama a cikin gorar da ba a toshe ba. Lokaci-lokaci a shanya shi a hantsi, amma kada a bar shi a zafin tsakar rana ya tsattsage. Mun lura ya tattara 'yan ɓarɓashin fiƙar ya zuba a wani ƙoƙo. Ya ce ba ya zubar da su a shara, kuma ruwan da ya wanke alƙalamin da ya rubuta ayoyi ba ya zuba shi a kwata, sai a gindin bishiya ko wani wuri mai tsabta. Ya ba mu labarin da aka ruwaito game da Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza da ya rasu a 1201, cewa ya tara ɓarɓashin alƙaluman da ya rubuta hadisai da su, ya yi wasiyya a dafa ruwan wankan gawarsa da su, kuma suka isa har suka yi saura.

Muna cikin haka sai yaronmu, wanda tun zuwanmu bai ce uffan ba, ya matso ya tambaya da 'yar Hausarsa ko zai iya gwadawa. Alaramma ya ce, "Zo nan, jikana." Ya sa ɗaya daga cikin bakuna taran a ƙotar Baba, ya gyara masa riƙo, ya ba shi guntuwar takarda. Layin farko tawada ta ɗiga, na biyu bakin ya kama takarda, a na uku sai ga alif ya fito a miƙe. Yaron ya ɗaga kai ya dube mu. Alaramma ya miƙa masa tsumma ya ce, "Goge tukuna, sa'an nan ka yi murna."

Kafin mu tashi mun tambaye shi ko yana da almajiran da ke koyon wannan aiki. Ya ce masu karatu akwai, alhamdu lillahi, amma mai zama ya koyi rubutun takarda babu ko ɗaya a yanzu. Ya ce a shekarun da ya zo garin nan, ranar Lahadi tsakar gidan nan cika take yi da 'yan ci-rani masu son a rubuta musu wasiƙa da ajami, a ba direba ya kai Ƙonni ko Damagaram ko Katsina. Wayar hannu ta ɗauke wannan, kuma bai ga laifinta ba, tun da yanzu uwa tana jin muryar ɗanta a ranar da ta so. Abin da ke damunsa shi ne littattafan da ke kwance a akwatunan mutane, waɗanda in sun lalace nan da 'yan shekaru ba za a sami mai gyara su a Abijan ba.

Bayan mako uku muka koma muka karɓo Alƙur'anin. Sababbin warƙoƙin sun fi sauran haske, kuma wanda ya ƙura ido zai ga hannun ya ɗan bambanta, amma kalmar ƙasan kowane shafi ta haɗu da ta gaba daidai, izu 60 sun cika. Wasalin da ke cikinsu da bakin ƙarfen Baba aka sa shi. Tsofaffin ukun ya naɗe mana su a takarda daban, ya ce mu adana su tare da sauran. Bakuna 22 da suka mutu kuwa suna nan a gwangwaninsu, mun kasa zubarwa. Yaron yanzu yana zuwa Tireshbil duk ranar Asabar, uban ne ke kai shi.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa na Ajame da Tireshbil da Abobo da Kumasi da Anyama, har da na Bwake da sauran garuruwa, duk wanda ya san akwai akwatin mahaifi ko na kaka a ɗakinsa, ya buɗe shi a wannan mako, kada ya jira wata damina. Ya ɗaga shi daga ƙasa, ya cire leda, ya shanya takardu a inuwa inda iska ke ratsawa. In ya sami alƙaluma ya raba baki da ƙota. In ya sami rubutun ajami da ya kasa karantawa, ya kai wa dattawan da suka rage tun suna nan. Muna kuma roƙon sarakunan Hausawa na unguwanni da kwamitocin masallatai su bincika su san masu wannan sana'a da ke cikinmu, su taimaka a haɗa su da yara ko da biyu ko uku ne, a riƙa ba su ɗan abin sayen takarda da ƙaro. Wanda yake da labari irin wannan ya aiko mana ta hannun masu rarraba wannan mujalla, za mu buga in Allah Ya so.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta wata mai zuwa.